Idan Baƙin Wili Ya Ƙuje, Ga Abin Yi a Gida

Duk wanda ya leƙa inuwar da ake ajiye babura da kekuna a makarantarmu zai ga abin da muka gani: wili baƙi ƙirin, amma gefensa duk fararen layuka. Wani bakin kwalbati ne ya goge shi, wani kuma ƙarfen mai faci ne ya karce shi wajen cire taya. Baƙin fenti ba ya ɓoye tabo, domin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa mai haske ne.

Kafin a taɓa fenti, sai a san zurfin ciwon. A wanke wilin da ruwa da omo, a bari ya bushe sarai. Sau da yawa abin da muke zaton karcewa ne ashe datti ne ko fentin wani abu da ya manne, kuma wanki kaɗai ya isa. Idan layin bai fita ba, a bi ta kansa da farce. In farcen ya wuce sumul, saman fenti ne kawai ya dushe, man goge mota da tsumma mai laushi za su rage shi. In farcen ya maƙale, to fenti ya tafi, sai an mayar.

A nan darasinmu na kimiyya yake da amfani. A kara maganaɗisu a jikin wilin. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, kuma mun san ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska tsatsa yake yi. Ɗan layin da aka raina da rani, damina na zuwa zai yi ja, tsatsar ta riƙa shiga ƙarƙashin fenti tana ɗaga shi. Idan bai kama ba, alminiyam ne. Shi ba ya jan tsatsa, sai dai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari.

Ƙaramin tabo kamar ƙwayar gero ba ya bukatar feshi. A tsoma tsinken sakace a fenti a ɗiga a wurin, shi ke nan. Wasu cikinmu baƙar maka suke shafawa. Tana rufe ido na 'yan kwanaki, amma a rana sai ta koma shuɗi-shuɗi, kuma ba ta hana tsatsa.

Wanda ya fi girma shi ne mai aiki. A goge wurin da samfefa mai lamba 400, sannan a bi da mai lamba 600 (lambar na ƙaruwa, samfefar na ƙara laushi) har yatsa ya daina jin tudu. A share ƙurar. A rufe taya da bakin da ake sa iska da tsohuwar jarida da salatif. A girgiza gwangwanin fenti kamar minti 2, a riƙe shi nesa da wilin kusan tsawon rularmu ta santimita 30. Idan ƙarfe ya fito tsirara, a fara fesa fentin ƙasa, wanda ke sa na sama ya kama. Daga nan a fesa baƙin sama-sama, a jira minti 10 zuwa 15, a sake, har sau uku. Mai gaggawa da ya zuba da yawa lokaci ɗaya zai ga fentin yana zubar da hawaye, ya fi karcewar muni.

Kuma baƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai sheƙi, akwai marar sheƙi. A gwada a jikin wani tsohon gwangwani a kara kusa da wilin kafin a fesa.

A yi aikin a waje cikin inuwa, nesa da murhu, domin fentin feshi yana kama wuta, warinsa kuma yana sa jiri. Ranar da hunturu ya taso da ƙura a haƙura. Mu yara kuma mu nemi izini, babba yana tsaye.

Kada fenti ya taɓa faifan birki, ko gefen wilin keke inda robar birki take kamawa, don birkin zai riƙa zamewa. Wilin da ya lanƙwashe ko ya tsage kuwa ba na gida ba ne. Taya marar tib za ta riƙa sacewa ta wurin, sai a kai wa makanike ya duba.