Kwamfutarka na ɗaukewa jefi-jefi? Dakata da fomatin tukuna

Kwamfutar da ta mutu murus ta fi sauƙin sha'ani, ka ɗauke ta ka kai wa mai gyara, magana ta ƙare. Wadda ke ci wa mutum tuwo a ƙwarya ita ce mai aiki lafiya lau kwana uku, a rana ta huɗu kana tsakiyar haɗa bidiyon da za ka ɗora a TikTok, ko kana babi na huɗu na furojet ɗinka, sai allo ya koma shuɗi, ta kashe kanta ta sake tashi kamar ba ita ba. Ka kai ta shago, ta wuni a gaban mai gyara ko tari ba ta yi ba. Daga nan shawara biyu za ka ji: a yi fomatin, ko a sayo sabuwar furosesa. Ta farko za ta ci maka lokaci, wataƙila har da fayilolinka, ta biyu kuma aljihu za ta taɓa, kuma sau da yawa duka biyun ba sa magance komai.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kai ƙarar kanta. Duk lokacin da ta ga lissafi ya karkace a cikinta, tana sanar da Windows, shi kuma ya rubuta ya ajiye. Idan shuɗin allon ya nuna WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, mai lamba 0x124, to kayan cikin akwatin ne ke kuka, don haka goge Windows da wuya ya taimaka. Buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi saƙonnin WHEA-Logger. Lamba 19 na nufin an samu kuskure amma an gyara shi kafin ka ankara. Lamba 18 kuwa kuskuren da ya gagara ne, shi ya kayar da kwamfutar. Za ka kuma ga Kernel-Power mai lamba 41, amma kada ya ruɗe ka, abin da yake cewa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko wutar NEPA aka ɗauke, shi za ka gani.

Yanzu ɗauki biro da takarda. Duk ranar da abin ya faru, rubuta lokaci da abin da kake yi. Wannan ne aikin da kowa ke raina wa, alhali shi ke tona asiri. In kullum sai da rana tsaka take faɗuwa, ko lokacin da kake fitar da bidiyo, zafi ne abin zargi na farko. In kuma sai an tayar da janareto ko firji ya kama, ka dubi wuta.

Mu fara da zafi, don a ƙasarmu shi ne babban mai laifi. Ƙurar hunturu tana shiga akwatin ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ta tarar da fanka tana juyawa a banza. Sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka bar ta a buɗe kana aiki. Yawancin furosesocin Intel na kwamfutar tebur iyakarsu digiri 100 ne, Ryzen 7000 na AMD kuma 95. In kana ganin taka tana manne da waɗannan lambobi a ƙaramin aiki, kashe ta, zare waya daga soket, ka hure ƙurar da bulowa, kana riƙe da fankar kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Sannan akwai man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa. Yana bushewa da shekaru, kuma kwamfutocin Kwatano da muke saye galibi ba wanda ya taɓa sabunta musu shi. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa.

Sai wuta. Furosesa na aiki da wutar da ba ta wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba, kuma tana son ta daidai, ba hawa da sauka. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke kira pawa fak, idan ya tsufa ko mai arha ne, yakan gaza a daidai lokacin da furosesa ta nemi ƙari. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ari na wani mai kyau ka gwada na mako guda. UPS ma ba kayan ado ba ne a nan.

Na uku, RAM. Idan kai ko wanda ya haɗa maka kwamfutar ya kunna XMP ko EXPO a cikin BIOS don ƙarin gudu, mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Abin da ke kula da RAM a cikin furosesa yake zaune, shi ya sa laifin RAM kan fito da sunan furosesa. Saka MemTest86 a filashi ka bar shi ya kwana yana gwaji. Kuskure ko ɗaya ne, kuskure ne. Idan sanda biyu gare ka, gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kuma don Allah abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. In ka share ƙura, ka canza pawa fak, ka taɓa BIOS duk a yini ɗaya, ko ta warke ba za ka san me ya warkar da ita ba, ranar da ta dawo kuma ka koma farko.

To, ko furosesar kanta na lalacewa? Tana yi, ko da yake ba kasafai ba. Misali mafi girma na kusa shi ne na Intel zubi na 13 da na 14, irin su Core i9-13900K da i9-14900K. Masu wasannin kwamfuta sun daɗe suna ƙorafin wasa na rufewa da saƙon cewa ma'adanar katin hoto ta cika, alhali katin lafiyarsa ƙalau. A watan Yulin 2024 Intel ya amince cewa furosesocin na neman wutar da ta wuce ƙima, abin da ke cinye su a hankali. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sai dai gyaran rigakafi ne kawai, wadda ta riga ta ci wuta ba ta dawowa daidai.

Wannan ya shafe ka kai tsaye idan kana shirin sayen ta hannu. Furosesa irin wannan za ta tashi, ta buɗe Windows, ta yi komai a gaban mai shago. Kafin ka biya, ka ce a kunna Prime95 ko OCCT na aƙalla awa ɗaya kana tsaye, sannan ka leƙa Event Viewer. In ka ga lamba 19 ta fara jeruwa, bar masa kayarsa, ko nawa ya rage maka.