Ka Sa wa Motar Tsere Babban Rim: Sai An Sake Alaimen?

Wanda ya mallaki motar tsere irin Toyota 86 ko tagwaininta Subaru BRZ ba ya jimawa bai fara sha'awar babban rim ba. Motar ta fito a 2012 da rim mai inci 17 da taya mai lamba 215/45 R17, kuma da yawa daga masu ita sukan koma inci 18. Ana gama ɗaurawa sai mai garejin ya ce, "Oga, sai fa an yi alaimen." Shin gaskiya ya faɗa, ko neman ƙarin kuɗin aiki ne?

Cire rim a sa wani ba ya taɓa saitin ƙafar mota, wanda shi ne alaimen ke gyarawa. Ba a jikin rim saitin yake ba, yana jikin ƙarafan da ke riƙe da shi: tairod, hannuwan ƙafa, shokabzoba da sifirin. Kusurwa uku ake aunawa. Akwai kamba, wato yadda saman taya ya karkata ciki ko waje. Idan ya karkata ciki sai ka ga motar daga gaba kamar mai gwame. Akwai kasta, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Sai to-in, wato ko goshin tayoyin biyu sun ɗan fuskanci juna ko sun baje. Wanda ya kwance noti biyar ya canza rim ya mayar bai motsa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, kamar yadda canza faci a bakin hanya ba ya motsa su.

Duk da haka ni ba zan ce mai garejin ya yi ƙarya ba. Sabuwar tayar ba ta kawo matsala, amma tana tona wadda take ɓoye. Taya mai dogon gefe tana lanƙwasawa, ta shanye ƙaramin kuskuren saiti har mai mota ya yi shekara bai ji komai ba. Idan rim ya girma kuma ana son tsayin taya ya zauna yadda yake, dole gefen taya ya gajarce ya yi tauri: daga milimita 97 a taya 215/45 zuwa 86 a 215/40. Idan kuma an ƙara faɗi, robar da ke taɓa kwalta ta ƙaru. Nan ne sitiyari zai fara bin duk wani tsagi da manyan motoci suka bari a titi, motar ta riƙa fizgar ka hagu da dama.

Kuskuren to-in shi ne mai cin taya. A lissafi, tayar da ta kauce wa hanyar da mota ta dosa da rabin digiri kacal ana jan ta a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Ido ba ya ganin rabin digiri. Tafin hannu kuwa yana jin aikinsa: shafa saman tayar daga ciki zuwa waje, ka sake shafowa baya. Idan ta ɗaya ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma tana kartar ka kamar haƙoran zarto, to saitin ya gudu. Abin takaici shi ne sau da yawa gefen ciki ne ke cinyewa, inda ba a gani sai an durƙusa. Na sha ganin taya da ta waje kamar sabuwa, ciki kuwa har waya ta leƙo. Kuɗin auna alaimen bai kai na taya ɗaya mai inci 18 ba, balle huɗu. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya daɗe bai hau injin awo ba, ranar sa sabon rim ce ranar da ta fi dacewa, musamman idan motar tokumbo ce da ba a san ramukan da ta faɗa a baya ba.

Akwai inda alaimen ya zama dole, ba zaɓi ba. Masu sa babban rim sukan haɗa da gajeren sifirin don motar ta kwanta ƙasa. Da zarar tsayin mota ya canza, kamba da to-in sun canza tare da shi. Haka idan an kwance shokabzoba, ko an canza tairod ko hannun ƙafa. A irin wannan, a ɗan yi 'yan kwanaki ana hawa sabon sifirin ya zauna, sannan a auna ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba, domin motar nan tayoyin baya ne ke tura ta.

Kada a rikita alaimen da balansin. Balansin shi ne juya rim da tayarsa a kan inji a manna ƙananan dalma inda nauyi ya gaza. Wannan kam kowane sabon rim sai an yi masa. Sitiyarin da ke karkarwa idan an taka wuta yawanci balansin yake nema, ko kuma rim ya lotse.

Sai abubuwa biyu da alaimen ba zai iya gyarawa ba, ko sau nawa aka yi. Na farko tsayin taya gaba ɗaya. Ta asali a wannan mota tana da milimita 625 daga ƙasa zuwa sama. Lamba 215/40 R18 tana ba da 629, kusan ɗaya ke nan, kuma ita ce Toyota da kanta ta sa wa wasu samfurin GR86 da ya biyo baya. Amma wanda ya ɗaura 225/45 R18 ya kai kusan 660. Agogon gudu zai nuna 100 alhali motar ta haura 105, kuma tayar na iya gugar madigadi. Ka'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari.

Na biyu, juya rim ɗin ka duba bayansa kafin ka biya. Za ka ga haruffa ET da lamba a gefensu, wadda ke nuna zurfin da rim zai shiga cikin jikin mota. Na asali ET48 ne. Idan ka sayi ET35, ka turo tsakiyar tayar waje da milimita 13. Yana yi wa mota kyau, amma sitiyari zai fi jin dukan rami, boris ɗin ƙafa kuma zai ɗauki ƙarin wahala. Bayan an ɗaura, ka murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, ka zura hannu tsakanin taya da jikin mota ka tabbatar akwai sarari, sannan ka hau miƙaƙƙen titi ka duba ko tambarin sitiyarin yana tsaye daidai.