Babi na Bakwai: Fataken Goro da Dalar Gyaɗa

Sau da yawa akan ji ana cewa layin dogo ne ya kawo wa Kano arzikin gyaɗa, sai ka ce ƙarfe ya iya ciniki. Wannan zance ne na wanda bai yi tahƙiƙi ba. Lalle dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, amma Turawan da suka shimfiɗa shi auduga suka sa wa rai domin masaƙun Ingila, har suka kafa injin gurzar ta a Zariya. Manoma kuwa, da suka auna farashi, suka kuma lura cewa gyaɗa ko ba ta sayu ba a ci ta, sai suka karkata gare ta.

To, wa ya kai musu labarin farashin, ya ba su kuɗi da gishiri da tufafi tun gabanin kaka? Fataken goro ne, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda tun bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804, da ya tara garuruwa masu gaba da juna ƙarƙashin tuta guda da shari'a guda, suka yawaita kai ayari har Gwanja, madugu na shugabancin tafiya, fatoma na jiransu a zango, dillali na tsakani, bashi kuwa yana tafiya a kan amana da hukunce-hukuncen ciniki na Risala. Asalin Agalawa ma abin tadabburi ne, domin kakanninsu Buzaye ne da suka zauna a ƙasar Hausa, suka mai da fatauci da karatu abin tinƙahonsu maimakon nasaba. Daga cikinsu Alhassan Ɗantata na Bebeji ya fito, wanda ya fara da goro, ya koma gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Sauran bayanin ba ya bukatar tsawaitawa: kuɗin wuri ya faɗi, sule ya maye gurbinsa, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Ko a nan ƙasar Zuru, har Sakaba, inda saurayi kan yi shekaru yana noman golmo a gonar surukinsa, albashin soja ya zo ya sauya lissafin aure da na noma. Al'ummar da ta riga ta iya ba da bashi da biyan sa, ita ce kullum ke fara cin moriyar sabuwar hanya.