Iskar Duniya da Tauraron Ɗan Adam

Yara, in kun tsaya a bakin Kogin Haɗejiya da hunturu, za ku ga hazo ya rufe gari. Da damina kuwa sai ku ga hadari ya taso daga gabas. To, hazo da hadari duka iska ce ke ɗauke da su.

Iskar nan ta lulluɓe duniya kamar mayafi. Ita muke shaƙa, ita ce kuma ke rage mana zafin rana, ta tsare mana ɗumi da dare. In an kasa ta kashi 100, kashi 21 kaɗai ne oksijin, watau iskar da rai ke bukata.

Amma mutum yana ƙasa ba ya hangen nesa. Saboda haka masana suka ƙera na'urar da ke kewaya duniya can sama, aka sa mata suna tauraron ɗan Adam. Rasha ce ta fara harba shi a 1957. A 1960 Amurka ta harba na farko mai duban gajimare. A 1977 ƙasashen Turai suka fara harba wani iri mai suna Meteosat. Nisansa daga ƙasa wajen kilomita 36,000 ne, yana tafiya daidai da juyawar duniya, don haka kullum yana fuskantar Afirka.

Hotunan taurarin nan sun nuna ƙurar hunturu tana tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Sun kuma nuna laimar damina tana zuwa daga Tekun Atlantika.

Ina amfanin wannan ga manomin fadama? Kogin Kano da Kogin Challawa su suka haɗu suka zama kogin namu. In an yi ruwa mai yawa a ƙasar Kano, sai kogi ya cika ya batse, ko da a Haɗejiya ba a yi ko yayyafi ba. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje da yawa a Jihar Jigawa. Masanan yanayi suna duban hotunan nan, sa'an nan su yi gargaɗi ta rediyo. In kun ji gargaɗin, ku gaya wa iyayenku, gama rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Daga ina ƙurar hunturu ke tasowa?
2. Don me kogi ke cika ko ba a yi ruwa a Haɗejiya ba?