Yarda da Iyaka a Labaran Soyayya: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Akwai wani reshen adabin Turawa da ke magana kan abin da ake kira BDSM, inda ɗaya daga cikin masoya ke miƙa wuya ɗaya kuma ya riƙe iko, har da ɗauri da bulala, bisa sharaɗin an yarda. Ba tarbiyyarmu ba ce. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato ko ana jin "a'a" idan an faɗa, ba baƙuwa ba ce ga yarinyar garin Gozaki da ta saba karanta littattafan da ake sarowa daga kasuwar Funtuwa.

Daga cikin marubutan wannan reshe, Leopold von Sacher-Masoch, ɗan daular Ostiriya, ya sa hannu a takarda a 1869 cewa shi bawan wata mata ne na wata shida. A 1870 ya fitar da littafinsa Venus im Pelz.

Labarin O ya fito a Faransa a 1954 da sunan aro. Sai a 1994 Dominique Aury ta amsa cewa ita ta rubuta.

Fifty Shades of Grey na E. L. James, 2011, shi da littattafan da suka biyo bayansa sun haura kwafi miliyan 100, Kenya da Malesiya kuma suka hana fim ɗinsa. A ciki akwai doguwar yarjejeniya da kalmomin tsayar da wasa, "rawaya" da "ja", amma budurwar ba ta taɓa sa mata hannu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Elena, wadda jarumin ke ɗauka malamarsa: ƙawar uwarsa ce, ta fara lalata shi yana ɗan shekara 15. Wannan cin amana ne tsagwaronsa.

A namu adabin, Abu ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu tana 'yar shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka ba Sarkin Noma, ba wanda ya tambaye ta. Da ta gudu birni, wata mata mai suna Hajiya Kumatu ce ta tsaya mata har ta koma karatu. Marubuciyar ma tana ƙarama aka aurar da ita.

Bilkisu Funtuwa, Anti Bilki mai Allura Cikin Ruwa, ta cika littattafanta da 'yan mata masu ilimi da ke iya buɗe baki su faɗa wa namiji abin da suke so. Duk da haka, a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a Kano.