Lambar P0335 a Hanyar Bakin Kanal

Wata tsohuwar akori-kura mai jigilar tumatir daga gonakin Bunkure zuwa kasuwar Kwanar Gafan ta tsiro da halin da ya ɗaure wa direbanta kai. A kwaltar Kano zuwa Zariya lafiya lau take gudu, amma da ta hau hanyar bakin kanal sai injin ya ɗauke ɗif. In an ɗan jira, ta tashi kamar ba ita ba.

Makaniken farko ya sauya fulogi da filtar mai, ba ta sauya zani ba. Sai aka kai ta wurin mai wayarin a Kura, ya jona kwamfutarsa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, tsarin da aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Allon ya nuna P0335, wato birenbos ba ya samun saƙon sensar da ke gaya masa juyawar karanshaf. In saƙon ya yanke, ba tartsatsi a fulogi, ba gudu.

Direba ya yi gaggawa, ya sayo sabuwar sensa a Ƙofar Ruwa aka ɗaura. Washegari motar ta sake macewa. Da yawa a nan suke asarar kuɗinsu: lambar tana nuna layin da ke da matsala ne, daga sensa har birenbos, ba lallai sensar kanta ba.

Mai wayarin ya ɗauko mita. Batir 12.6, in injin na aiki ya haura 14, ke nan caji ba shi da laifi.

"Malam direba, a ina take kwana?"

"Bakin sito, Oga, kusa da buhunan shanshera."

"Wanki fa?"

"A kanal, mana."

Ya tayar da injin, ya bi damin wayoyi yana girgiza su da yatsa, taƙi bayan taƙi. Da ya kai bayan injin sai motar ta mutu a hannunsa. Ya saki, ya tayar, ya sake taɓawa, ta sake mutuwa.

Ya kware roba, ga sawun haƙoran ɓera. Ɓeran bai tsinke wayar ba, ya bar 'yan silin tagulla, ruwan kanal da ake sheƙa wa injin ya shiga ya mayar da su kore shar. A kwalta suna riƙewa, a gargada kuwa su rabu.

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya goge lambar. Suka bi bakin kanal har Kadawa suka dawo, allon bai nuna komai ba. Tsohuwar sensar ma da aka gwada, ashe ƙalau take.