Ranakun hutu a Ghana: wane shago doka ta yarda a buɗe a Tamale?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale a ranar 6 ga Maris, ranar bikin 'yancin kan Ghana, zai tarar bankuna da ofisoshin gwamnati a kulle, amma masu hatsi da masu doya suna ta ciniki, haka ma wasu masu atamfa da masu kayan babur. Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Sakkwato sai ya ɗauka hutun na ma'aikatan gwamnati ne kaɗai. A rubuce ba haka abin yake ba.

Dokar ranakun hutu ta shekarar 2001, mai lamba 601, ta hana buɗe shago domin saye da sayarwa ko gudanar da kasuwanci a ranar da aka ayyana hutun ƙasa. Hukuncin da ta zo da shi ga wanda ya saɓa shi ne tara, ko ɗaurin da bai wuce wata 3 ba, ko duka biyun. A Ghana ba a rubuta tara da adadin kuɗi kai tsaye, ana ƙirga ta ne da wani ma'auni da kowane ɗaya yake daidai da sidi 12. Dokar ta sa iyakar tarar a ma'auni 100, wato sidi 1,200.

Sai dai hanin bai hau kan kowa ba, kuma a nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya natsu. An keɓe shagunan abinci da kayan masarufi, kantunan magani, gidajen cin abinci da otal-otal masu lasisi, kasuwannin da ake sayar da kayan abinci, da wuraren sayar da barasa masu izini. An kuma keɓe ayyukan da rayuwa ba ta tafiya sai da su: ruwa, lantarki, asibiti, kwashe shara, kashe gobara, man fetur, sadarwa da motocin haya.

Ke nan mai buhunan albasar Galmi da ya sauke kaya a Aboabo ba shi da fargaba, mahauci da mai shayi ma haka. Amma mai shadda, mai takalma, mai sayar da wayoyi da mai kayan gini ba sa cikin waɗanda aka ɗauke wa. Inda abin ke da ɗaure kai shi ne shagon unguwa, wanda shinkafa da suga ke gefe guda, fitila da silifa a ɗaya gefen. Irin wannan ya fi kusa da shagon kayan masarufi muddin abinci ne ya fi yawa a cikinsa, amma rataya 'yan ƙullin gishiri a ƙofar shagon atamfa ba zai mayar da shi na abinci ba.

A zahiri kuwa, da wuya a ji an gurfanar da wani don ya buɗe shago ranar hutu. Ƙaramin ɗan kasuwa abin da ya samu yau shi zai ci yau, kuma ranar hutu ce ma'aikata ke samun sararin shiga kasuwa. Wannan giɓi tsakanin doka da rayuwa ya sa ɗan majalisa mai wakiltar Madina, Francis-Xavier Sosu, ya kai ƙudiri a 2023 yana neman, cikin wasu gyare-gyare, a cire hukuncin laifi daga batun. Amma dokar da ba a cika aiki da ita ba tana iya tashi ranar da wani ke neman hujja a kan wani. Baƙo ya fi kowa bukatar tuna wannan, domin dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra a kan haka. Bahaushen zango da aka haifa a Tamale ɗan ƙasa ne kamar kowa, wanda ya shigo da fasfon wata ƙasa kuwa lissafinsa daban.

Su kansu ranakun sun sha canji. A 2019, zamanin Nana Akufo-Addo, an ƙaro 7 ga Janairu da 4 ga Agusta, aka sauke 1 ga Yuli da 25 ga Mayu zuwa ranakun tunawa da ba a hutu. A 2025, bayan dawowar John Mahama, majalisa ta maido da 1 ga Yuli, ta soke 4 ga Agusta, ta kuma ƙara wa Musulmi rana guda bayan ƙaramar Sallah. Gyaran ya ba da damar ɗage hutun da ya faɗo tsakiyar mako zuwa Juma'a ko Litinin. Saboda haka tsohuwar kalandar bango ba abin dogaro ba ce. Sanarwar ma'aikatar cikin gida, wadda gidajen rediyo ke maimaitawa kwanaki kafin ranar, ita ce ke tabbatar da hutun.

Akwai kuma bambancin da ke rikita fatake. Maulidi hutu ne a Nijar da Najeriya, a Ghana ba hutu ba ne. Damba da Bugum, manyan bukukuwan Dagomba, suna cika titunan Tamale da jama'a, amma ba sa cikin jerin gwamnati, kamar yadda rufe shago lokacin sallar Juma'a al'ada ce ta gari, ba umarnin hukuma ba. Ita kuwa ranar manoma, Juma'ar farko ta watan Disamba, cikakken hutu ce ko da ba a san ta a Yamai ko Kano ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne hakkin yaran shago. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce ma'aikaci yana da albashinsa na ranar hutu ko bai yi aiki ba. Ɗan aikin wucin gadi ko na kullum-kullum da ya yini yana aiki a ranar kuwa, za a biya shi kuɗin hutun, a ƙara masa ladan aikin da ya yi. Mai kantin magani ko gidan abinci da doka ta yarje masa ya buɗe ranar Kirsimeti, wannan ƙarin biyan na nan a wuyansa, kuma ma'aikacin da aka hana yana iya kai kuka ofishin ƙwadago na yankin.